Faifan da Ya Ƙi Nuna Sanƙon Malam Garba

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar masu ɗaukar biki da buga faifai na Garwa, wanda yaransa ke kira Farezidan, ni kuwa nake kira angona tun yana cikin tsumma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar da ta dace da mai kujera, sannan in ƙara maka da ta gida. Ina gajiya, ina zafin garin nan? Ina iyali, ina kuma yarinyar nan da ta ƙwace mini kai ta bar ni ba ko kuɗin cefane? Allah ya ƙara girma, ya sa kujerar ta zama ta alheri.

Ni ce Dije, matar marigayi Malam Garba mai huluna, ta unguwar Hausawa. Ka san ni sarai. Kakarka aminiyata ce, kuma hannuna ne ya fara yi maka wanka a duniya. Ban faɗi haka don in rage maka girma ba, na faɗa ne don masu karantawa su san ba ƙiyayya ce ta sa na ɗauki biro ba. Karatuna aji uku ne a lekol, wato makarantar boko, sauran allo ne da 'yan littattafan Hausa da Malam yake sayo mini in ya je Yola. In ka ga harafi ya karkace, ka miƙe shi da idonka. Maganar dai ba ta karkace ba.

Na taka zuwa ofishinku har takalmina ya san hanya. Kullum amsa ɗaya: Farezidan ya fita. To tunda ba a samun ka a zaune, na sa an buga wannan takarda an liƙa a ƙofar shagunanku, ka karanta a tsaye.

Na ɗaya: asalin maganar.

Malam Garba yana da ƙane ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya, Iro, dillalin shanu a Meiganga. Lokacin da za a aurar da 'yarmu ta fari, Iro ne waliyyi, kamar yadda muka gada: uba ba ya ba da 'yarsa in ƙaninsa na da rai. Iro ya ɗinka sabuwar babbar riga, ya taso. Motarsu ta lalace a gangaren dutsen Ngaundare. Mutane sun taru, rana ta yi tsaka, liman yana duban inuwa. Dattawa suka ce a ɗan ƙara jira. Malam kuwa, Allah ya jiƙansa, in zuciyarsa ta hau ba ta da birki. Ya sa wani abokinsa na kasuwa ya zauna a gurbin waliyyi. Ana shafa fatiha Iro yana sauka daga mashin, riga duk ƙura. Da a ce Malam ya yi shiru, da maganar ta mutu a ranar. Sai ya dube shi a gaban jama'a ya ce aure ba ya jiran shanu.

Iro ko ruwa bai sha ba ya juya. Daga ranar har 'yar da aka aurar ta yi jikoki, 'yan'uwan nan biyu ba su ƙara haɗa ido ba. 'Ya'yansu suna zumunci, mu mata muna aika wa juna daddawa da zuma, su kuwa kowa ya kafe kamar turken jaki.

Na biyu: hular.

Duk wanda ya san Malam Garba ya san ba a taɓa ganin kansa ba. Sanƙo ya kama shi tun yana da sauran ƙuruciya, shi kuma mai sayar da hula ne, sai ya mai da abin talla. Wanzami a ɗaki yake yi masa gyara, ƙofa a rufe. A alwala hannu yake cusawa ta ƙarƙashin hula ya yi shafa, ya mayar kafin na kusa da shi ya ƙifta ido. Ni da na zauna da shi tsawon rai, sai in ce maka ganin sanƙon nan ya fi ganin dorina a Binuwai da rani wuya. Jikoki har caca suke yi a kan ko akwai gashi a ciki.

Bara, bayan Babbar Sallah, aka ɗaura auren jikarmu Zainabu, 'yar ɗanmu Sani. Malam ya aika wa Iro ya zo ya ba da aure. Iro ya aiko cewa ƙafa ta hana shi, kuma gaskiya ne, ƙafar ta daɗe da kwantar da shi, amma kowa ya san ba ƙafar kaɗai ba ce. Malam ya sa aka bar wuri a kan tabarma babu kowa. Da aka shafa, ya yafito ɗan kamera, ɗan ƙungiyarku, ya ce masa ya matso da idon nan nasa kusa. Sannan a gaban liman, a gaban abokan kasuwa, a gaban surukai, ya sa hannu biyu ya cire hula ya ajiye a wurin da babu kowa. Ya ce: "Iro, ga gurbinka. Ni na zalunce ka. Ga kaina a buɗe, ka yafe wa yayanka."

Ni ba na wajen, ina cikin gida da mata. A faifai na gani, kamar yadda aka so Iro ya gani. Rana ta bugi sanƙon nan yana walƙiya kamar sabon kwano, babu wanda ya yi dariya.

Na uku: tafiyar faifan da dawowarsa.

Ɗan kamera ya kawo faifai biyu, ɗaya na gida, ɗaya na Meiganga. Ba zan faɗi sunansa ba, uwarsa tana da hawan jini. Muka saka na gida a lektarmu, wato injin kallo, ya nuna tas. Malam da kansa ya naɗe ɗayan a sabon ƙyalle, ya haɗa da goro fari da kwalbar turare, ya kai ajans, tashar motocin haya, ya ba direba hannu da hannu.

Daga nan ya shiga jira. Mutumin da ba ya son waya, sai ga shi yana kwana da ita a aljihu. In yaro ya yi sallama a zaure, sai ya miƙe zaune.

Abin da ya dawo shi ne ƙullin nan, yadda ya tafi. Faifai a ciki, turare ba a buɗe ba, goro ya bushe ba a ɓare ko ɗaya ba. Babu saƙo. Kai Bahaushe ne, ba sai na fassara maka goron da aka mayar ba. Malam ya duba, ya ɗaure ƙyallen, ya sa a ƙasan akwatin huluna. Abin da ya ce kawai shi ne: "Ya gani, bai yafe ba. Haƙƙinsa ne." Bai ƙara tayar da maganar ba. Da bazara ta yi tsanani, zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Ban ce faifai ya kashe mini miji ba, kada wani ya ɗora mini. Kwana ne ya ƙare. Amma ya tafi da wannan a ransa, kuma wannan ba ajali ne ya kawo shi ba, aikin hannun mutum ne.

Na huɗu: abin da ya faru a Meiganga.

Matar Iro, Dudu, Bafulatana ce mai faɗar magana yadda take. Ta zo sadakar arba'in. Bayan mutane sun ragu, ta matso kusa da ni ta ce, "Adda Dije, don Allah me kuke nufi da faifan wofi?"

Na ce wane wofi?

Ashe da ƙullin ya isa, Iro ya sa aka share ɗaki, aka jingina shi da matashi, aka kunna lektarsa, tsohuwa ce da ya sayo tun zamanin da faifai ya fara shigowa. Aka saka. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani, sannan tele, akwatin talabijin, ta nuna shuɗi da 'yan kalmomin Nasara. Aka kira maƙwabci mai karatun lekol, ya ce rubutun yana cewa babu faifai a ciki. Aka goge da gefen zane, aka hura masa iska, aka sake sakawa. Babu faifai. Iro ya ce a gwada na tafsiri, ya nuna. A gwada na wasan kwaikwayo, ya nuna. A mayar da na yayansa: babu. Sai ya ce a kashe. Ya ce ya gane karatun, an aiko masa da wofi ne don a shaida masa tsakaninsu babu komai. Ya ce a mayar da goron.

Ka ji fa, angona. Wannan ya cire hula, wancan ya share ɗaki. Kowa ya yi nasa. Abin da ke tsakani ne ya ci amana, kuma abin da ke tsakanin daga shagon ɗan ƙungiyarka ya fito.

Na ce wa Dudu ta koma ta gaya masa abin da ke cikin faifan. Ta gaya masa. Sani ya buga waya ya gaya masa. Mutanen da suka halarta sun aika masa. Amsarsa ɗaya: Yaya Garba ya cire hula a gaban mutane? Wannan tatsuniyar Dije ce. To ka ga inda halina ya ja mini. Shekara da shekaru ina shirya wa yara labarin gizo, ina ƙara gishiri a labarin kowa, yau ga gaskiya tsirara a hannuna an ce ƙirƙira ce. Ya ce gani ya kori ji. Ban ga laifinsa ba.

Na biyar: abin da ɗan ƙungiyarka ya yi da na koma.

Ina fita takaba, shagonsa na fara zuwa. Ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni kujera, ya ce, "Hajiya, faifai ai faifai ne, injin tsohon ne ya gaji." Na ce injin da ke nuna tafsiri bai gaji ba. Ya ce to bari ya sake bugawa. Ya laluba ya ɗauko wani faifai daga cikin tarkace, ya buga, ya miƙo mini. Ni kuma da rashin sani, wanda ya fi dare duhu, na sake kai wa ajans.

Shuɗi ya sake fitowa a Meiganga. Wannan karon Iro bai ma mayar ba. Dudu ta ce ya sa an rataye shi a bishiyar gwaiba yana korar tsuntsaye. Ya ce ko banza wannan ya yi amfani.

Na koma na ce a ba ni uwar aikin, wato ainihin abin da kamera ta ɗauka. Yaron nan ya sosa ƙeya ya ce wuri ya cika a ordinatarsa, wato kwamfutarsa, ya goge ya zuba wani biki. Faifan gida kuwa jikoki sun kalla sun kalla, sun yi madubi da shi, sun bar shi a taga rana ta gasa, yanzu yana kai wa rabi ya tsaya yana rawar sanyi. Saura ɗaya tak mai lafiya a duniya: wanda Malam ya naɗe da hannunsa. Yana cikin jakata yanzu haka, ko banɗaki ba na shiga in bar shi a fili.

Na shida: abin da na koyo game da faifanku.

Tunda ba ku gaya mini ba, na fita nema. Na bi gidajen unguwa ina sallama, ba don gulma ba wannan karon, ina roƙon a bar ni in gwada lektar. Wani gida ya nuna, wani gida shuɗi. Na lura sababbin injuna ba sa ƙi, tsofaffin ne masu zaɓe, kamar mu. Daga ƙarshe aka tura ni wurin Mesiye Pol mai gyaran rediyo a bayan kasuwa, Kirista ne daga ƙabilun kan duwatsu, Hausarsa ta fi ta wasu jikokina. Yana da tsohuwar lektar irin ta Iro sak. Ya saka faifan Malam, shuɗi. Ya ciro, ya ba ni gilashinsa na gyara, ya nuna mini wani ɗan rubutu kusa da ramin tsakiya, ƙanƙane kamar ƙwayar gero. Ga abin da ya fahimtar da ni, in na yi kuskure ka gyara a bainar jama'a kamar yadda na faɗa a bainar jama'a.

Faifan DVD da ake bugawa a shago ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai alamar ɗebewa, 'yar sanda a kwance kafin harafin R. Akwai mai alamar tarawa, sanda biyu a gicciye. Girmansu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, abin da suke ɗauka kusan ɗaya. Kama da wane dai ba ta wane. Mai ɗebewa shi ne yaya, shi ya fara zuwa duniya. Daga baya wasu kamfanoni suka ce ba za su bi tsarin na farko ba, suka fito da nasu mai tarawa, suka ce ya fi iya rubutu ba kuskure. Wataƙila gaskiya ne, ban musa ba. Amma injin da aka ƙera kafin a haifi ƙanen, sau da yawa bai san shi ba. In ya gan shi sai ya ce babu kowa a ƙofa. Faifan Malam mai tarawa ne. Injin Iro na zamanin yaya ne. Shi ke nan duk abin da ya raba 'yan'uwa biyu a karo na biyu: faɗan wasu masu kamfani a ƙasar da ba su taɓa jin sunan Meiganga ba.

A unguwarmu har an fara cewa wai mai gicciyen na 'yan coci ne, shi ya sa injin da ya saba da tafsiri ya ƙi shi. Na kai wa Mesiye Pol wannan magana, ya yi dariya har ya ajiye abin aikinsa, ya ɗauko faifan mawaƙan cocinsu ya nuna mini: mai ɗebewa ne. Don haka masu wannan fatawa su huta, faifai ba shi da addini.

Na biyun da aka aika, wanda ke gadin gwaiba, na sa Dudu ta nemi mai ido ya duba mini, shi kuma wani iri ne, mai RW a jiki. Wannan kamar allo yake, a rubuta a wanke a sake rubutawa. Fuskarsa ba ta da haske sosai, tsohon inji ba ya ganin ta da kyau. Wato na je neman magani aka ba ni abin da ya fi ciwon. Kuma ko da ya nuna, wa ya ce a zuba amanar mamaci a abin da ake wankewa?

Akwai kuma maganar rufewa. Wai in an gama buga faifai sai an rufe shi, kamar yadda ake ɗaure bakin buhu. In ba a rufe ba, injin da ya buga shi ne kaɗai zai iya karantawa, a kai shi wani gida ya zama kurma. Sannan wai akwai dabarar da ake sa mai tarawa ya yi shigar burtu, ya nuna wa tsohon inji kamar shi faifan kamfani ne, injin ya karɓe shi. Pol ya ce masu buga faifai da yawa sun san wannan. To in sun sani, wa suke ɓoye wa?

Na bakwai: me ya sa na kawo ƙara gare ka, ba ga yaron kaɗai ba.

Domin na zaga shagunanku neman mai ɗebewa, kowa mai tarawa yake da shi. Dila ɗaya kuke saye a wurinsa, abin da ya sauke shi kuke bugawa, ba mai tambaya. Wani ya rantse mini nasa mai ɗebewa ne, ya nuna mini kwali. Na ce buɗe. Na sa gilashi. Kwalin ne mai ɗebewa, na ciki mai tarawa. Wani kuma ya ce in bar faifan in dawo gobe. In bar shi? A teburin da ake ajiye kofin shayi a kan bikin mutane? Ko kai ka zo da rawani ba zan bar maka shi ba.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Hajiya ki ɗauki lektarki ki tafi da ita Meiganga mana. Ka ɗauka ban yi tunanin haka ba? Na aika a gaya wa Iro. Ya ce injinsa da ke karanta malamai ba zai kasa karanta gaskiya ba, in an zo da wani inji to an zo da dabara ne. A ɗakinsa, a injinsa, ko a bar shi. Jinin Malam ne, taurin kai gadonsu ne, ba zan sauya shi yana kwance ba. Za ka ce ya sayi sabo. Je ka gaya masa da kanka, amma ka tsaya nesa da sandarsa.

Za ka kuma ce ai yawancin mutane sababbin injuna gare su. Haka ne, a Garwa. Amma faifan biki wa ake buga wa? Wanda ya zo biki ya gani da idonsa. Ana bugawa ne don wanda bai zo ba: tsohuwar da ke Dugoi a Maruwa, kawun da ke ƙauye mai kunna inji da batirin mota, mara lafiyar da ke Meiganga. Su ne masu tsofaffin injuna, domin in ɗa ya sayi sabo, tsohon yake aika wa gida. Kun san inda kayanku ke zuwa, ba ku taɓa tambaya ba. Mai ɗinki yana auna mutum kafin ya yanka. Malam ko hula zai sayar sai ya dubi kan mai saye. Ku kaɗai ne kuke ɗinka wa kowa riga ɗaya, in ba ta shiga ba ku ce jikinsa ne ya gaji.

Ba kuɗi nake nema ba. Na biya aikin, ba na so a mayar mini da ko dala.

Na takwas: abin da nake roƙo.

Na farko, kuma shi ne ya tashe ni: a nemo mini faifai mai ɗebewa, na gaske, wanda ba a wankewa. In babu a Garwa a aika Maruwa ko Ngaundare, motoci kullum suna tafiya. A kwafe na Malam a kai ina zaune ina kallo, faifan bai bar idona ba. A rufe shi. Sannan mu taka tare, ni da kai, zuwa shagon Mesiye Pol, a saka a tsohuwar lektarsa. In sanƙo ya fito, na sallame ka.

Kuma a yi shi da sauri. Dudu ta bugo ta ce tun da damina ta sauka sanyin Meiganga ya shiga ƙirjin Iro, abinci sai an lallashe shi. Na riga na yi jinkiri sau ɗaya ban sani ba. Wannan karon na sani.

Sauran roƙon na jama'a ne. Duk wanda ya zo buga faifai a tambaye shi ina za a kai, wane irin inji ne a can. Ku rubuta irin faifan a bayan kwali da babban baƙi, yadda mai ido irin nawa zai gani ba sai da gilashin aro ba. Ku ajiye tsohuwar lektar ɗaya a ofishin nan naku da ba a samun kowa, a riƙa gwaji, ko banza ofishin ya yi aiki. Kada a ƙara zuba biki ko suna ko saukar karatu a faifan da ake wankewa. Kuma kada a goge uwar aiki sai mai biki ya dawo ya ce an gani a can.

Yaron da ya yi mini aikin kada a kore shi. Hannunsa bai yi rawa ba lokacin da Malam ya cire hula, ya ɗauka da kyau, har hawayen liman ya kamo. A koya masa kawai.

In ka yi, zan sa maka albarka a gaban duk wanda ya karanta wannan. In ka ƙi, ka san ni. Zan zo in shimfiɗa tabarma a ƙofar shagonka ranar da ya fi cika, in ba yaranka labarin abin da ka yi a cinyata ranar sunanka, da abin da ka yi da ka ga akuya ta farko. Labaran suna nan, ba a goge su ba, kuma kowane irin kunne yana karanta su.

Allah ya ja zamaninka, ya tsare ka da sharrin dila, ya ba ka 'yan ƙungiya masu tambaya kafin su buga. Allah ya jiƙan kakarka, ya jiƙan Malam Garba, ya ba Iro lafiya da sauran kwana.

Jakata a ɗaure take. Na sa goro sabo, na sa turaren nan da ba a buɗe ba, na sa hular kanta, wadda ya ajiye a kan tabarma. Wannan karon ba direba zan ba ba, zumunci a ƙafa yake. Zan zauna a bakin gadon Iro in sa a kunna. Hular zan iya miƙa masa da hannuna, amma hula a hannu ba shaida ba ce, ko'ina ana sayar da irinta. Kan da ke ƙarƙashinta nake so ya gani. Ku ba ni faifan da zai nuna wa Iro sanƙon yayansa sau ɗaya, ya faɗi abin da zai faɗa da bakinsa, kafin ya je ya same shi.

Wassalam.

Taka tun kana tsumma,
Dije, matar Malam Garba mai huluna,
Unguwar Hausawa, Garwa.